Filayar Cire Noti da Almakashin Gyara: Wa Ya Kamata Ya Saya, Wa Ya Kamata Ya Haƙura?

Duk wanda ya taɓa zama zai buɗe wata na'ura da hannunsa ya san wannan tashin hankalin. Ka kwance noti bakwai lafiya lau, na takwas ya ce bai san zancen ba. Ka ƙara ƙarfi, sukurdireba ta zame. Ka sake gwadawa, ta sake zamewa. Kafin ka ankara, tsagin da ke kan notin ya cinye, ya koma wani ɗan rami mai santsi. Daga nan aikin minti goma ya zama na yini guda, kuma abin da ya tsare ka bai kai ƙwayar gero biyu girma ba.

A 'yan kwanakin nan bidiyon wata filaya ya cika TikTok da YouTube da Facebook. Za ka ga an ɗauko noti da ya yi tsatsa ko kansa ya cinye, a cafke shi da bakin filayar, a murɗa sau ɗaya, sai ga shi ya fito kamar an roƙe shi. Galibi a ƙarshen bidiyon akan nuna wani gajeren almakashi yana yanka kebur da igiya da kwali da roba mai kauri. Masu karatu da dama sun tambaye mu ko waɗannan kaya biyu za su yi musu amfani wajen gyaran waya, kuma ko sun cancanci kuɗinsu.

Na yi aiki da su duka biyun, kuma ra'ayina shi ne: kaya ne masu kyau ƙwarai, amma yawancin masu sha'awar sayensu saboda wayar hannu za su yi asarar kuɗinsu. Bari in yi bayani dalla-dalla.

Daga ina filayar ta fito?

Wadda ta fi shahara a irin wannan filaya ita ce ta kamfanin Engineer, wanda ke birnin Osaka na ƙasar Japan, an kuma kafa shi a shekarar 1948. A 2002 ya fitar da filayar da ya sa wa suna Neji-saurus. Kalmar "neji" a harshen Japan tana nufin noti, ragowar sunan kuma an aro shi ne daga sunan dabbobin nan na zamanin da masu manyan haƙora. A Amurka akan sayar da irinta da sunan Vampliers. Kamfanin Knipex na Jamus shi ma ya fitar da tasa mai suna TwinGrip a 2021. Bayan su akwai kwaikwayo iri-iri marasa suna da suka cika shagunan intanet.

Sirrinta ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ɗauko filayar da ke gidanku ka buɗe bakinta. Za ka ga haƙoranta a kwance suke, sun gitta bakin daga gefe zuwa gefe. Wannan tsari yana da kyau idan za ka riƙe abu ka ja shi. Amma idan ka kafa bakinta a kan noti daga sama ka ce za ka murɗa, haƙoran suna bin hanyar da notin ke zamewa ne, shi ya sa take suɓucewa tana ƙara goge shi. Filayar cire noti kuwa an yi mata wasu haƙora a tsaye a can ƙarshen bakin, cikin wani ɗan lungu mai siffar kan noti. Idan ka matsa, haƙoran sukan nutse a gefen kan notin, su riƙe shi ta ɓangarori da yawa. Ba ruwanta da tsagin da ya cinye, domin daga waje take kamawa.

Samfurin da aka fi gani a bidiyo shi ne PZ-58, mai tsawon milimita 160, wanda ke kama kan noti mai faɗin milimita 3 zuwa 9.5, yana kuma da wurin yanka waya a gindin bakin. Akwai ƙanwarta PZ-57, mai tsawon milimita 120, wadda ke kama daga milimita 2 zuwa 5.5, kuma an yi marikinta da robar da ba ta tara wutar nan da ke taruwa a jikin mutum ta lalata ƙananan kayan lantarki. Ka riƙe waɗannan alƙaluman, domin a kansu maganar take.

Inda ta fitar da ni kunya

Na so in sauya ma'adanar SSD ta kwamfutata ta tafi-da-gidanka da mafi girma. Noti ɗaya tal ke riƙe da irin wannan ma'adana. Wani mai gyara da na taɓa kai wa kwamfutar ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya, ni kuma na zo da sukurdireba mai araha wadda bakinta bai zauna daidai ba. Murɗawa uku na yi, tsagin ya tafi. Laifin namu ne mu biyu.

Sa'ar da na ci ita ce kan wannan notin a sarari yake, ya ɗago sama da abin da yake dannewa, kuma akwai ɗan fili a kewayensa. Na cire haɗin batir, na kafa ƙaramar filayar a tsaye, na matsa, na murɗa a hankali. Ya motsa tun a karon farko. Ba don ita ba, da sai dai a yanka sabon tsagi a kan notin ko a huda shi, kuma duk wanda ya san kwamfuta ya san illar garin ƙarfe idan ya zuba a kan fanel.

Tun daga ranar ta yi mini aiki a wurare da yawa: notin murfin janareta da ruwan sama ya sa ya yi tsatsa, notin bayan fankar tsaye, na akwatin inbata, na lambar babur, har da na marikin tukunya. A duk waɗannan wuraren abu ɗaya ne ya haɗa su, wato kan notin yana waje, filaya tana da wurin da za ta cafka.

Inda ba za ta yi maka komai ba

Yanzu juya wayarka ka duba. Idan iPhone ce, za ka ga noti biyu a ƙasa, gefe da gefen wurin caji. Irin waɗannan su ake kira Pentalobe, masu tsagi kamar fure mai kunne biyar, waɗanda Apple ya fara sa wa wayoyinsa a zamanin iPhone 4. Sun nutse a cikin jikin wayar, sun yi daidai da shi. Babu gefen da ya fito, balle filaya ta samu abin kamawa. Daga iPhone 7 ta 2016 kuma, kamfanin ya ƙara wasu a ciki masu tsagi uku, waɗanda sai da sukurdireba mai lamba Y000 ake kwance su.

Idan Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung ko Redmi, galibin na yanzu ba za ka ga noti a waje ba ma, domin da gam ake manne bayansu, ko kuma a maƙale shi da 'yan ƙugiyoyin roba. Sai an buɗe za a tarar da ƙananan noti masu tsagin gicciye, yawancinsu a zaune cikin ramukan roba, a matse kusa da batir da kyamara da siraran wayoyin da ke haɗa sikirin da fanel. Ko da faɗin kan notin ya kai abin da ƙaramar filayar ke kamawa, bakinta ba zai shiga ramin ba. In ka tilasta, ta zame sau ɗaya ta sauka a kan fanel, kuɗin gyaran da ka guje wa zai ninka, wataƙila ma hotunanka da lambobinka su tafi tare da wayar.

Haka abin yake a ƙasan yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, da na'urar riƙewa ta wasan PlayStation, da cajar da aka ɗaure da noti a cikin dogon rami. Duk notin da ya nutse, ko wanda kansa ya yi daidai da saman abin da aka ɗaura shi, ya fi ƙarfin wannan filaya. Masu bidiyo ba sa nuna maka wannan. Sukan zaɓi babban noti mai tudun kai, a kafe a jikin katako, a fili, inda ko ta ina za a iya kama shi. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin labarin suka ba ka.

Abin da ke cinye kan noti tun farko

A ganina nan ne ya kamata matashi mai son koyon gyara ya fara kashe kuɗinsa. Kan noti ba ya cinyewa haka kawai. Akwai dalilai sanannu.

Na farko, sukurdireba da ba ta dace ba. Tsagin gicciye yana da lambobi, irin su PH1 da PH0 da PH00 da PH000, kuma na cikin waya galibi ƙananan biyun nan na ƙarshe ne. Idan ka sa ƙarama a babban tsagi, za ta yi ta rawa tana gugar gefe. Akwai kuma gicciyen Japan da ake kira JIS, wanda ya yi kama da na Phillips amma ba ɗaya suke ba. Ana samunsa a kyamarori da baburan Japan, wani lokaci da ɗan ɗigo a gefen tsagin. Sukurdirebar Phillips takan ɗago ta fita daga cikinsa idan aka matsa mata. Sai Torx mai tauraro mai kunne shida, wanda mutane kan rikita shi da Pentalobe mai biyar.

Na biyu, ƙarfe mai taushi. Saitin nan mai baki talatin da ake sayarwa da arha, bakinsa yakan lanƙwashe tun a aikin farko, daga nan duk notin da ya taɓa sai ya ɓata shi. Araha ba ta ado.

Na uku, hannu. Ƙa'idar masu aiki ita ce dannawa ta fi murɗawa yawa. Ka tsayar da sukurdireba sak, ka danna ta zauna, sannan ka juya a hankali. Da zarar ta zame sau ɗaya, ka tsaya. Zamewa ta biyu da ta uku su ne ke kashe tsagin. A wannan matakin, sau da yawa ɗora siririyar roba a kan notin kafin a kafa sukurdireba yakan taimaka ta kama.

Na huɗu, wasu kamfanoni sukan shafa wani shuɗin gam a zaren noti don kada jijjiga ta kwance shi. Irin wannan yana buƙatar haƙuri a murɗawar farko.

Akwai wani kuskuren da ya fi cinyewar kan noti muni, wato mayar da noti ramin da ba nasa ba. A cikin waya ɗaya ana samun noti masu kama da juna amma tsawonsu ya bambanta da abin da ido ba ya saurin gani. A wasu samfuran iPhone, idan aka ɗaura dogo a ramin gajere, yakan huda har ya yanke hanyoyin wuta da ke cikin fanel. Maganinsa takarda ce da biro, ko ɗan faifan maganaɗisu: ka zana hoton wayar, duk notin da ka cire ka ajiye shi a gurbinsa. Babu filayar da za ta gyara wannan ɓarna.

Almakashin fa?

Abin mamaki, wanda na saya a matsayin rakiya shi ne ya fi yi mini aiki kullum. Samfurin Engineer da ya yi suna shi ne PH-55, wanda suke kira Tetsuwan. Tsawonsa milimita 160, an yi shi da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, bakinsa gajere ne mai kauri, kuma yana zuwa da murfi. Gajartar bakin ita ce ƙarfinsa, domin duk lokacin da abin da ake yankawa ya matso kusa da mahaɗar almakashi, ƙarfin hannu yakan ninku. A jikin bakin akwai ƙananan haƙora da ke hana abu mai santsi gudu, akwai ɗan lungu da ke riƙe kebur ko igiya, akwai wurin datse siririyar waya, sannan ana iya tsaga salatif ɗin kwali da bayan bakin.

Wanda ya taɓa ƙoƙarin yanka wayar caja mai saƙar zare da almakashin tela ya san yadda take tserewa gaba tana taunewa. Wannan yakan datse ta cak. Haka igiyar roba ta ɗaure wayoyi, da kebur na intanet, da na dish, da robar da ake rufe sabuwar iyafis ko fawa-banki a ciki wadda ke sa mutane su sa haƙori ko reza. Na daina ganin reza a teburina tun da ya zo, kuma yatsuna sun huta.

Amma shi ma yana da iyaka, kuma iyakarsa ta shafi rai.

Kada ka kusantar da shi, ko wani ƙarfe mai tsini, ga batirin waya. Batirin litiyam idan aka huda shi ko aka lanƙwasa shi yana iya yin zafi ya kama da wuta nan take, musamman idan cike yake da caji ko ya kumbura. Gam ɗin da ke riƙe batir da abin roba ake ɓamɓare shi.

Kada ka yanke wayoyi biyu na batir ko na sola a lokaci guda. Bakin almakashin ƙarfe ne, zai haɗa su, tartsatsi ya tashi. Ɗaya bayan ɗaya ake yanka su, a naɗe na farko kafin a taɓa na biyu.

Kada ka ɗauka robar mariƙin kariya ce daga wutar NEPA. Kayan aikin da aka yi don taɓa waya mai wuta sukan zo da tambarin 1000V a jikinsu, an kuma gwada su don hakan. Wannan almakashi da wannan filaya ba sa cikinsu. Kashe wuta, zare soket, sannan ka yi aiki.

Daga ƙarshe, kada ka sa shi yanka ƙusa ko wayar ƙarfe mai tauri. Sau ɗaya ya isa ya yi wa bakin giɓi, kuma wasa baki mai haƙora ba aikin mai wasa wuƙa na bakin kasuwa ba ne.

Abin da masu ja da ni za su ce

Wani zai ce, makanikanmu da masu gyaran janareta sun shekara da shekaru suna cire noti da cizal da guduma, ba su jira Japan ba. Gaskiya ne, kuma a kan babban ƙarfe dabararsu tana aiki. Amma guduma ba ta da wuri kusa da fanel ɗin inbata ko na talabijin. Kayan da muke amfani da su yanzu roba ce da gilashi da siraran hanyoyin wuta. Bugu ɗaya yana iya fasa abin da ya fi filayar tsada sau da yawa.

Wani kuma zai ce, ai akwai mai kama da ita a intanet a kan kaso kaɗan na kuɗin. Akwai. Sai dai duk amfanin wannan filaya yana cikin taurin haƙoranta ne. Dole su fi notin tauri kafin su nutse a jikinsa. Idan ƙarfen mai taushi ne, haƙoran za su kwanta bayan 'yan ayyuka, ka koma riƙe da filaya ta gama-gari. Idan za ka saya a hannu, rufe bakin ka ɗaga shi saitin haske ka ga ko haƙoran sun haɗu daidai, ka girgiza mahaɗar ka ji ko tana rawa. Idan ta intanet ce, ka duba lambar samfurin da sunan kamfanin, ka karanta ƙorafin waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu kafin yabon masu biyar.

Akwai kuma mai cewa, me ya kai ni gyara, ba sai in kai wa masu sana'ar ba? Wannan ma magana ce. Wanda ke Kano yana da Farm Centre da titin Beirut, na Legas yana da Computer Village a Ikeja, kuma kusan kowane gari yana da nasa layin masu gyara. Idan matsalar a cikin waya take, kuma ba ka taɓa buɗe waya ba, kai musu ya fi. Sai dai akwai ƙananan gyare-gyare da bai kamata a ce sun gagari matashi mai wayar zamani a hannu ba: sauya filogi, share ƙurar hunturu daga fankar kwamfuta, ƙara mata ma'adana, ɗaure mariƙin da ya saki. Abubuwa da yawa da muke jefarwa ba mutuwa suka yi ba, noti ɗaya ne ya hana a duba cikinsu. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Ga mu nan kuma da tsadar sabon kaya da kowa ya sani. Duk abin da aka gyara, kuɗi ne ya zauna a aljihu.

Shawarata

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi saitin ƙananan sukurdireba mai ƙarfe nagari, wanda ke da PH00 da PH000 da ƙananan Torx, da Pentalobe da Y000 in kana taɓa iPhone. Haɗa da hantsaki da abin ɓamɓara na roba. Wannan ne zai hana ka shiga matsalar da filayar ke magani.

Idan da saura, almakashin ne na biyu. Ɗalibi ne kai, ko mai shagon caji da kayan waya, ko mai ɗaura dish da sola, ko mai sayar da kaya ta intanet da ke buɗe kwali kullum, zai yi maka aiki kusan kowace rana.

Filayar cire noti ita ce ta uku, kuma ga wanda ya dace da ita: mai gyaran kwamfuta, talabijin, inbata, fanka, janareta ko babur, da duk wanda kayansa ke kwana a waje suna shan ruwa da raɓa. Mai aikin ƙananan kayan lantarki ya nemi ƙaramar, mai aikin janareta da babur ya nemi babbar. Ga mai sana'a, ranar da ta cire noti daga kayan kwastoma ba tare da ƙwarzane ba, ta biya kuɗinta, domin amanar da mutum ya ba ka ta fi filaya tsada. Tana iya yin wata guda a cikin akwati ba a taɓa ta ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda kuwa wayar hannu kaɗai yake son buɗewa, ya bar kuɗinsa. Idan notin cikin wayarka ya riga ya cinye, ajiye sukurdireba, kwafe bayananka zuwa wani wuri tun wayar tana kunnuwa, ka kai wa wanda ke da madubin ƙara girma da kayan aikin da suka dace.

Idan ka taɓa amfani da ɗaya daga cikin waɗannan kaya, ko kana da wata dabara ta cire noti da ta yi maka aiki, rubuto mana. Za mu gwada waɗanda za su gwadu, mu kawo sakamakon a rubutu na gaba, in sha Allahu.